Motar da Take Ja Hagu

Ranar wata Alhamis ce, ranar da ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, a zamaninmu, a farkon kakar gyaɗa ta shekarar da nake aji huɗu. Hantsi ya ɗaga, muna tsaye a kan tudun da ke bayan unguwarmu a Matameye, yara cike da wurin kamar garken awaki, kowa yana ihu. Ƙanena Sanusi yana zaune a cikin motarmu ta katako, ya naɗe igiyar tuƙi a hannuwansa biyu, ni kuma na dafa bayansa ina jiran a ce a tura. Ta cikin 'yar rigarsa ina jin zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna, amma tasa ta murna ce, tawa ce ta tsoro. Gangaren ya miƙe a gabanmu, hanyar da jakunan masu ɗiban ƙasa suka daddaɓe har ta yi tauri, can ƙasa kuma ta hannun hagu kududdufin masu tubali yana kwance cike da ruwan damina, ja kamar kunun kanwa. Duk cikin yaran nan ni kaɗai na san motar nan ba ta iya tafiya a miƙe. Sanusi ya waiwayo ya yi mini murmushi da giɓinsa, ya ce, "Yaya, ka tura da ƙarfi fa."

Abin da ya tono mini wannan rana bayan na yi furfura shi ne jikana Nasiru, wanda yake karatu a Damagaram. Da ya zo hutun bana ya taho da kwamfuta, da wani ɗan sitiyarin roba da ake ɗaurewa a bakin tebur, da abin takawa na mai da na birki. Ya kafa kayansa a zaurena, don ya san nan ne kawai uwarsa ba za ta biyo shi da aike ba. Wasan tseren motoci yake yi, amma ba irin na yaran unguwa a waya ba, wanda mota take tsalle ta bi ta kan gidaje. Wannan an yi shi ne don ya kwaikwayi gaskiya. Motoci ne masu yawa, kowace da fentinta da lambarta, suna kewaya wani fili mai siffar ƙwai, katanga a damansu, hancin wannan a gindin waccan, kuma duk kwanar da za su sha ta hagu ce. Na ce masa wannan ai aikin dokin masu mazarƙwaila ne, ana ta zagaye ba a zuwa ko'ina. Ya ce, "Tsoho, kai da ko keke ba ka iya ba, me ka sani?" Bai yi ƙarya ba. Noma da sayar da rake na yi duk rayuwata, ban taɓa riƙe sitiyarin mota ba.

Amma da yake tsufa zama ne, na yi ta kallo, har na lura rabin lokacinsa ba tsere yake yi ba, gyara yake yi. Zai shiga wani wuri a cikin wasan da ya ce shi ne gareji, ya rage wa wannan taya iska, ya ƙara wa waccan, ya ɗaure wannan sifirin, ya sassauta wancan, ya matsar da nauyin motar gefe guda. Sannan ya fita fili shi kaɗai ya yi ta zagaye, ya dawo ya sake taɓa abu ɗaya tak, domin a cewarsa in ka taɓa biyu tare ba za ka san wanda ya yi maka aiki ba. Wani lokaci motar takan ƙi shan kwana, hancinta ya yi ta neman katanga, wani lokaci kuma gindinta ne yake kufcewa ya nemi wuce kai. Ya ce gwani ba ya taka birki da fushi. Yakan ɗaga ƙafa daga mai tun kafin kwana, ya bar motar ta zauna, sai a tsakiyar kwanar ya fara mayar da ƙafa sannu sannu, mai garaje kuwa yakan cinye tayarsa ta gaba ta dama tun tsere bai yi nisa ba. Duk wannan ina jinsa kamar labarin wata ƙasa, har ranar da idona ya kai ga hannunsa. A inda hanya ta miƙe sak, bai riƙe sitiyarin a tsakiya ba, ya ɗan karkata shi dama. Na tambaye shi ko abin nasa ya lalace ne. Ya yi dariya, ya ce da gangan aka gyara motar a karkace, har tayoyin dama sun ɗan fi na hagu girma, don ta riƙa shan kwana da kanta. "In ka sake ta a miƙaƙƙiyar hanya, Tsoho, hagu za ta tafi da kai." Na tashi na ce zan yi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Gidanmu na da ƙaramin gida ne na ƙasa, da rumbu biyu da turken awaki da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Baba yana da gonar gero da gyaɗa a hanyar Kance, da lambun rake a fadama. Mutum ne marar yawan magana, bai cika duka ba, amma shirunsa ya fi mana bulala ban tsoro. Kafin mu tafi lakwal sai na cika randuna, na share turke, na ba rago harawa, da damina kuma ni nake kai wa Baba fura gona da tsakar rana, ƙafa ba takalmi, rairayi yana cin tafin ƙafata. Sanusi duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Ɗan siriri ne kamar tsinke, kuma Inna ta binne yara biyu tsakanina da shi, don haka ko tari ya yi sai ta ajiye abin da ke hannunta. Kullum za mu fita sai ta biyo mu har bakin zaure da magana ɗaya: "Ilu, yadda ka fita da shi haka za ka dawo mini da shi." Shi kuwa babu abin da ke cikin kansa sai mota. Manyan motocin da suke ɗaukar gyaɗa su nufi Ɗan Barto, da ƙara yake gane su tun ba su ɓullo ba. Da bakinsa yake canza giya yana tafiya rijiya. Mushe, malaminmu na lakwal, ya sha zane shi don ya cika allonsa da zanen kamiyo, babbar motar kaya, maimakon lissafi. Duk wanda ya tambaye shi me zai zama, amsa ɗaya ce, direba.

Mun fara da motar kara kamar kowa, muka koma ta gwangwani da waya, har manyan yara suka fito da motar katako wadda mutum zai zauna a ciki a tura shi. Faifan katako ne daga tsohon akwatin kaya. A gaba akwai wani gicciyayyen itace mai juyawa a kan ƙusa ɗaya, da igiya ɗaure a bakinsa biyu, ita ce sitiyari. A baya kuma ƙafafu biyu ne da aka kafe a sandar ƙarfe guda, suna juyawa tare a cikin boris, zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki, da muke samu wajen masu gareji, bayan mun yi musu ɗiban ruwa har kafaɗa ta yi kanta. Ƙafafun itace ne da muke sassaƙawa, mu lulluɓe su da ragowar roba daga wajen masu yin takalmin taya. Akwai kuma wata sanda a gefe da direba yake ja ta karci ƙasa, ita ce birki. Da yake garinmu rairayi ne, wuri ɗaya ne mota take gudu, filin awon gyaɗa, wanda aka daɓe shi ya yi tauri, kuma babu mai amfani da shi sai kaka. Muka jera duwatsu a tsakiya, muna kewaye su. Ban san wanda ya fara ba, amma ta hagu ake kewayawa, haka muka tarar. Kowace mota mutum biyu ne, ƙarami yana tuƙi, babba yana turawa.

Sarkin filin nan Habu ne, ɗan wani mahauci, yaro mai ƙirar samudawa da ya girme ni, wanda in ya tura mota kamar sa ya tunkuɗe ta. Tsoronsa muke ji mu duka, don bayan ƙarfi yana da baki, in ya laƙaba maka suna da shi za ka tsufa. Ni ya sa mini Kunkuru, saboda kullum mu ne a baya. Na kwana biyu ina jin zafin wannan suna kafin na fara lura da abin da ke faruwa a kwana. Duk ƙarfin Habu, in ya iso kwana dole ya riƙe motarsa baya, in ba haka ba ta zame ta fita waje, don ƙafafun baya da ke kafe a sanda ɗaya gaba kawai suka sani. Sai muka fara zuwa filin ni da Sanusi da azahar, lokacin da babu kowa. Na koyi in daina turawa tun kafin kwana, in jira sai hancin motar ya juya sannan in sa ƙarfi. Shi kuma ya koyi kwantar da jikinsa hagu, da jan igiya a hankali ba fizga ba, da kallon inda yake so ya je maimakon kallon dutsen da yake tsoro. Muka daina zama na ƙarshe, amma ba mu kama Habu ba.

Turmin Inna ne ya ba ni sauran. Wata safiya ta ce in kai mata shi ƙarƙashin darbejiya, da yake ya fi ƙarfin ɗaukata sai na kwantar da shi na gangara. Na tura shi wajen bishiya, ya yi kwana da kansa ya nufi turken awaki. Na dawo da shi na sake turawa, ya sake yin haka. Na tsaya ina kallonsa har Inna ta tambaye ni ko turmin ne ya yi mini magana. Bakinsa ya fi gindinsa faɗi, shi ya sa kullum yake juyawa wajen gindin. Ranar nan da Sanusi ya tafi makarantar allo da yamma, na ce ciki yake mini ciwo, na ja motar bayan rumbu. Na ƙara wa ƙafar baya ta dama roba a kan roba, na kankare ta hagu da wuƙar Baba ta yankan rake, sannan na shafe su duka da laka don kada ido ya gane bambanci. Ban dace a karon farko ba. Na yi ta ƙarawa ina ragewa kwanaki, har motar ta zama in ka tura ta babu kowa a ciki, sai ta kewaye duwatsun nan kamar wadda ta haddace hanya. Da na ga ba ta bukatar a riƙe ta a kwana, na cire sandar birki ma, na ce nauyi take ƙara mana.

Daga nan babu wanda ya sake ganin gabanmu. Muna isa kwana kowa yana ja baya, mu kuwa mu shige ta ciki kamar ruwa. Filin gajere ne, kafin jan hagun ya dame ka ka riga ka isa wata kwanar, don haka Sanusi bai taɓa gane komai ba. Ni kuma ban faɗa masa ba, don na san bakinsa, abin da ya ji da safe kafin azahar ya kai bakin rijiya. Yara suka fara kiransa Direba. Yakan dawo gida yana nuna wa Inna tafin hannunsa inda igiya ta yi masa kanta, yana cewa hannun tuƙi ke gare shi, da shi aka haife shi. Ina jinsa, ina dariya a ciki. Habu ya juya motarmu sama da ƙasa yana neman laya, ya ce wani malami ne ya yi mana aiki, bai ga komai ba sai laka.

Sai kaka ta zo. Masu sayen gyaɗa suka iso da sikelinsu da buhunansu, suka watsar da duwatsunmu, mai gadi ya kore mu da tsumagiya. Muka rasa wurin wasa. Habu ne ya kawo maganar gangaren bayan unguwa. Ya ce kewaye wasan mata ne, direban gaske a gangara ake gane shi, a tura sau ɗaya daga kan tudu a saki, wanda ya riga isa gindin tsamiyar da ke ƙasa shi ne sarki. Tun da na ji haka na tuna da kududdufin da ke ƙasan gangaren ta hagu. Kududdufin nan babu yaron da ba a tsoratar da shi da shi ba. Shekara da shekaru ana haƙar ƙasar gini a cikinsa, bakinsa a tsaye yake kamar bango, kuma an ce ya taɓa haɗiye jaki da kayansa. Na ce motarmu ƙusa ta kwance, Sanusi ya ce ƙarya ne, shi ya duba ta da safe. Na ce a bari sai gobe, in samu in kankare robar nan a ɓoye. Habu ya dubi yara ya ce Kunkuru ya koma cikin ƙoƙonsa. Aka fashe da dariya. Kalma kaɗan ce ta rage in faɗa, tana nan a kan harshena. Amma na hango abin da zai biyo baya: za a ce duk cin da muka yi maguɗi ne, Habu zai farfasa motar ya farfasa ni, Sanusi kuma zai ji a gaban kowa cewa ba hannunsa ba ne. Na gaya wa kaina ai yana da igiya, zai ja dama. Na gaya wa kaina zan tura a hankali. Da aka ce a tura, na ga kafaɗar Habu ta wuce ni, sai na tura da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Da farko ta tafi daidai, har ta wuce ta Habu, yara suna bin su da gudu suna kiran Direba. Sannan na ga ta fara barin tsakiyar hanya, kaɗan kaɗan, kamar akuyar da ta hango ganye. Na ga Sanusi ya ja igiya dama. Hancin motar ya juya, amma gindinta bai yarda ba, ƙafafun gaba suka riƙa jan ƙasa suna ƙara, ita kuwa tana ta matsawa hagu, gudun yana ƙaruwa jan yana ƙaruwa. Ya kwantar da jikinsa hagu, yadda na koya masa a filin gyaɗa, don iyakar abin da ya sani ke nan. Na ga hannunsa ya saki igiya ya lalubi gefen motar, inda sandar birki take a da. Har yau in na rufe ido wannan hannun nake gani, yana lalube a wurin da babu komai. Motar ta daki jerin tubalin da aka shanya a bakin ramin, ta tashi sama ta kife, ita da shi suka ɓace daga idona. Sai ƙarar ruwa.

Ihun yara ya yanke kamar an rufe tukunya. Na gangara da gudu na tsaya a bakin ramin. Ban iya ruwa ba, babu wanda ya iya a cikinmu. Ruwan ya motsa, ya yi kumfa, ya fara kwantawa. Babu abin da ke samansa sai 'yar hularsa tana juyawa. Abin da nake ji a kunnena kawai maganar Inna ce ta bakin zaure. Wani mai yin tubali da ke aiki a ɗaya gefen, mutumin Yauri ne da ban taɓa sanin sunansa ba, shi ya jefar da fartanyarsa ya faɗa ruwan da wandonsa. Ya nutse ya fito hannu wofi. Ya ja numfashi ya sake nutsewa, ya daɗe har na ce shi ma ya tafi. Da ya ɓullo yana riƙe da Sanusi ta wuyan riga, kansa yana lilo, igiyar tuƙi har yanzu a naɗe a hannunsa ɗaya. Ya kife shi a kan cinyarsa ya yi ta danna masa baya yana salati. Jan ruwa ya fito ta baki da hanci. Can sai ya yi tari, ya yi wani kuka da ban taɓa jin daɗin kuka kamarsa ba. Sai a lokacin na ga ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Inna ba ta yi kuka ba da aka shigo da shi, ta dube shi, ta dube ni, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Aka kira maɗori, manya suka danne shi, aka ja ƙafar aka ɗaure ta da karan dawa. Ina laɓe a bayan rumbu na toshe kunnuwa, amma ihun yana shiga. Da Baba ya dawo daga lambu ya kira ni gaban tabarmar da Sanusi yake kwance, ya tambayi yadda aka yi, a hankali, ba ya ko kallona. Kafin in haɗa magana Sanusi ya riga ni. "Baba, ni ne na kasa riƙe ta. Yaya turawa kawai ya yi." Baba ya tashi ya fita. Ba a taɓa ni ba ko da yatsa, kuma da an yi mini dukan mutuwa ranar nan da ya fi mini sauƙi.

Motar tana can ƙarƙashin ruwa, kuma na san ruwan kududdufi ba ya kai bazara. Duk ranin nan da wannan tsoro na yi shi. Kullum in an taso daga lakwal sai na bi ta bakin ramin in ga inda ruwa ya koma. Laka za ta wanke, duk mai ido zai ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, balle Baba da yake gyaran amalankensa da kansa. Na rame har Inna ta fara jiƙa mini saiwoyi. Ranar da ƙafar dama ta leƙo daga cikin taɓo, baƙa da robarta a kan roba, na jira rana ta take masu tubali suka tafi inuwa, na shiga taɓon har cinya na ciro ta. Na ɓamɓare robar na jefa a masai, itacen kuma na faskara na zuba cikin itacen girkin Inna. Da shi ta dama wa Sanusi kunu.

Ƙafar Sanusi ta ɗore, amma ta gajarce, da ɗingishi ya yi sauran rayuwarsa. Ba ɗingishin ne ya hana shi mota ba, don na san direbobi masu ɗingishi. Da ya zama saurayi wani ɗan'uwan Inna mai kamiyo ya nemi ya ɗauke shi yaron mota ya koya masa tuƙi, ya ƙi. Ya ce shi an gwada shi tun yana yaro, hannunsa ba ya riƙe abu in gudu ya yi gudu, ba zai ɗauki rayukan mutane ba. Ina zaune a wurin ya faɗi haka, ina ɓare gyaɗa. Ya zama tela a bakin tasha, kekensa yana fuskantar hanya, kuma har ya tsufa in babbar mota ta taho yakan faɗi irinta kafin ya ɗaga kai. Sai da muka yi jikoki, a ciwonsa na ƙarshe, na zauna kusa da shi na ba shi labarin turmi da roba da wuƙar rake. Sannan ya tambaye ni wace ƙafa na ƙara wa, na ce ta dama. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya dube su, ya juya su, ya ce, "Ashe ba su ba ne." Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun kafin in rufe baki. Can kuma ya ƙara da cewa, "Amma Yaya, da ka faɗa mini tun ina da ƙarfin hawa mota."

Yanzu an cike kududdufin, an yi gidaje a kansa, filin awon gyaɗa ma shaguna ne. Yaran yau ba sa ɗiban ruwa don boris, ba sa sassaƙa ƙafa da wuƙa. A wasan Nasiru mota takan daki katanga ta yi raga raga, hayaƙi ya tashi, ya danna abu ɗaya ta dawo sabuwa fil, direban ko ƙwarzane babu. Ina yi musu murna da wannan, ko da yake wani lokaci nakan so in sake jin ƙarar ƙafar katako a kan fako da muryar yaro yana canza giya da baki. Shekaranjiya ƙanwar Nasiru, Dije, wadda nake kira amaryata, ta dame shi sai ya ba ta ta gwada. Ya tashi ya ba ta kujera, ya ƙyafta mini ido, yana jira ta saki sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya motar ta kwashe ta, mu yi dariya. Na riƙe hannunta kafin ta taka mai. Na ce, "Nasiru, faɗa mata inda take ja." Ya ce ai wasa ne, Tsoho, babu abin da zai same ta. Na ce na sani, faɗa mata dai. Ya faɗa mata yana gunaguni, ta ɗan karkata sitiyarin dama da 'yan hannuwanta, ta zagayo lafiya, ta waiwayo tana yi mini murmushi da giɓinta.

Mu ma a kan tudun nan wasa muke yi.